Numfashin yoga yana saukar da hawan jini da faɗuwar gaba, ko dai tallan 'yan intanet ne?

"Assalamu alaikum likita. Ni ɗan kasuwa ne, shekarata 46, shekara biyu kenan da aka ce min ina da hawan jini, kullum ina shan magani. To kwanan nan kuma sai ga faɗuwar gaba, da daddare in na kwanta sai inji zuciyata na bugawa fat-fat barci ya ƙi zuwa. Yarona ne ya nuna min bidiyon wani ɗan Indiya a YouTube yana koyar da wani numfashi na yoga, yace yana maganin hawan jini da damuwa har mutum ya daina shan magani. Na gwada wanda ake fizgar numfashi da sauri, ko minti biyu ban yi ba jiri ya ɗebe ni, yatsuna suka kama tsikari kamar ana soka min allura. Dan Allah gaskiya ne abin nan yana aiki? Me ya sa na ji jiri? Kuma ba shi da matsala a addini? Allah ya ƙara basira."

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara lafiya. In na fahimce ka, tambaya uku ka yi a fili, ta huɗun kuma ka ɓoye ta a tsakiya, wato ko zaka iya ajiye maganin naka ka koma numfashi. Ita zan fara amsawa tunda ita ce mai haɗari: a'a, kar ka ajiye. Sauran kuma mu bi su a hankali. Ni aikina fisiyo ne, wato jinyar jiki ta hanyar atisaye da motsa gaɓoɓi, kuma ɓangaren da na fi daɗewa a ciki shine na ƙirji da huhu, masu asma, masu tarin da ya daɗe, waɗanda aka yi wa tiyata a ciki suna tsoron yin numfashi saboda ciwo, dan haka koyar da numfashi abincin yau da gobe ne a wurina.

Sunan abin firanayama, in zaka nema a waya pranayama suke rubutawa. Kalma ce ta Sanskirit, tsohon yaren malaman Indiya, firana na nufin numfashi ko ƙarfin rai, ayama kuma miƙewa ko tsawaitawa. A tsarin yoga na wani tsohon malaminsu Fatanjali matakai takwas ne, shi wannan na huɗu ne, yana zuwa bayan mutum ya iya zama daram bai motsi. Su a wurinsu numfashi kashi uku ne, shaƙa, fitarwa, da riƙewa wanda suke kira kumbaka. Kuma ba yau aka fara kai shi ɗakin gwaji ba, tun 1924 wani bawan Allah Swami Kuvalayananda ya buɗe cibiya a garin Lonavla kusa da Mumbai yana auna masu yoga da na'urori. Abin da mai bidiyon nan bai tsaya ya gaya maka ba shine firanayama ba abu ɗaya ba ne, akwai wanda ke kwantar da jiki akwai wanda ke tayar da shi, kai kuma tsautsayi ya sa ka faɗa kan mai tayarwa.

Dalilin jirin da ka ji

Mutane da yawa sun ɗauka in ka ja numfashi da yawa oksijin ne ke ƙaruwa a jini, shi ya sa ake jin "kai ya yi sakayau". Ba haka ba ne. Mai lafiya yana zaune kawai in aka maƙala masa ɗan abin nan na yatsa mai auna oksijin zaka ga kashi 95 zuwa 100, jinin ya riga ya ɗauki kusan iya abin da zai ɗauka, randar da ta cika ko ka ƙara mata guga goma zubewa zai yi. Abin da ke canzawa in ka fizgi numfashi da sauri shine ɗayar iskar, kabon dayoksaid, wadda muke fitarwa. An koya mana a makaranta cewa ita datti ce, amma jiki yana buƙatar wani adadi nata a jini, ita ce ma ke gaya wa ƙwaƙwalwa lokacin jan numfashi ya yi. In ka kore ta da yawa sai jijiyoyin jinin da ke kai wa ƙwaƙwalwa su tsuke, jini ya ragu a can sama, shine jirin da duhun gani. Sannan jinin yana ɗan sauya yanayi, sinadarin kalsiyam da jijiyoyi ke aiki da shi ya ragu na ɗan lokaci, shine tsikarin yatsu da na leɓe, in abin ya yi nisa ma yatsun su kan murɗe su ƙage.

Na taɓa ganin wata yarinya budurwa da aka kawo da dare bayan an yi rigima a gida, tana ta haki, hannayenta sun ƙanƙame, 'yan uwa duk sun tsorata ana ta cewa iskokai ne. Bayan an duba an tabbatar ba asma ba ce ba zuciya ba, zama kawai muka yi da ita ina ƙirga mata tana fitar da numfashi a hankali, kafin rabin awa yatsun sun saki. Abin da ya same ta babu niyya, kai shi ka jawo wa kanka da gangan a cikin minti biyu. A nan bari in ce, tsohon abin nan da ake cewa a sa wa mutum leda ko jakar takarda a baki ya yi numfashi a ciki, a daina, dan in aka yi rashin sa'a ciwon zuciya ne ko asma ya kama shi to an ƙara masa wahala.

Wanda ka gwada ɗin ko dai kafalabati ne, wanda ake ta fyace iska ta hanci ciki na shiga da ƙarfi, ko kuma bastirika, wanda ma'anar sunan ma zugazugi ne irin na maƙera, kaga sunan kaɗai ya isa ya gaya maka hura wuta ake yi. Su kansu malaman yoga na kirki suna hana mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai farfaɗiya, mace mai ciki da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan yin waɗannan biyun. Haka riƙe numfashi na dogon lokaci, musamman in ana yunƙuri, yana sa jini ya hau ya sauka bagatatan, ba naka ba ne. Kuma ko mai lafiya kar ya yi su yana tuƙi ko a cikin ruwa, akwai masu iyo da suka fizgi numfashi kafin su nutsa dan su daɗe a ƙasa, suka suma a can ciki ba tare da jikinsu ya yi musu gargaɗi ba.

To ina amfanin yake

Amfanin yana cikin rage gudu, musamman tsawaita fitarwa. Baligi yana zaune yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, mai fargaba kuwa yana can sama-sama, da ƙirji yake ja, gajeru-gajeru. Jikinmu yana da wasu jijiyoyi iri biyu da ke aiki ba da umarninmu ba, ɗaya kamar totur ce, ita ke tashi in ka ji ƙarar bindiga ko aka ce maka kaya sun maƙale a boda, ɗayar kuma birki ce, babbar cikinsu ana kiranta begus, daga ƙasan ƙwaƙwalwa ta sauko ta wuya ta je zuciya da huhu da hanji. Ba zaka iya ce wa zuciyarka ta rage gudu ba, ba zaka iya ce wa hanjinka ya tsaya ba, amma numfashi shi kaɗai ne a cikinsu yake tafiya da kansa kuma kana iya karɓar linzaminsa duk sanda ka so. Ta nan ake shiga.

Ka gwada yanzu, sa yatsa biyu a wuyan hannunka inda jijiya ke harbawa, ka shaƙa a hankali zaka ji bugun ya ɗan ƙara sauri, ka fitar a hankali zaka ji ya ɗan ja baya. A yara da matasa abin ya fi fitowa sarai, da shekaru yana raguwa, amma yana nan. Duk fitar numfashi kamar ɗan taka birki ne. Idan ka sauko da numfashi zuwa wajen sau 6 a minti, sai wannan hawa da saukar bugun ya daidaita da wasu na'urorin awon jini da Allah ya dasa a jijiyar wuya da babbar jijiyar da ta fito daga zuciya, waɗanda aikinsu in jini ya hau su sa a sassauta. A wannan saurin ne suka fi jin magana.

Akwai wani bincike da nake son ba da labarinsa. A 2001 wani likita ɗan Italiya, Luciano Bernardi, da abokan aikinsa suka auna mutum 23, wani lokaci suna karanta addu'ar carbi ta 'yan Katolika da Latin, wani lokaci suna maimaita wata jimlar yoga. Duka biyun sai numfashinsu ya sauka da kansa zuwa wajen 6 a minti, kuma wancan tsarin awon jinin ya ƙara kaifi. Addini biyu da ba su haɗa hanya ba, sakamako iri ɗaya, kaga kenan sirrin ba a kalmomin Indiya yake ba, a tsawon jimlar yake da yadda take tilasta maka shaƙa gajere ka fitar dogo. Duk wanda ya saba karatun Alƙur'ani da tartili yana jan maddi yadda ya kamata ya san wannan yanayin numfashin ko da bai taɓa lura ba.

Na baya-bayan nan kuma a 2023 masu bincike a jami'ar Stanford ta Amurka suka raba mutum ɗari da 'yan kai gida-gida, kowa minti 5 kullum har wata guda. Waɗanda suka fi samun sauƙin zuciya su ne masu yin abin da mu Hausawa muke kira ajiyar zuciya, wato ka shaƙa ta hanci, ka ɗan ƙara wata shaƙar a kai, sannan ka saki doguwa ta baki. Ka lura da yaro in ya gama kuka ya fara lafawa, haka yake yi, babu wanda ya koya masa. Binciken ba babba ba ne kuma mutanen su ne ke faɗin yadda suke ji, dan haka ba na ɗora masa kaya da yawa, amma ya yi daidai da abin da nake gani a wurin aiki.

Akwai kuma wani nau'in firanayama, biramari, sunan daga ƙudan zuma ne, rufe baki ake yi a fitar da numfashi ana mmmm kamar zuma na shawagi. A 2002 wasu likitoci biyu a cibiyar Karolinska ta Suwidin suka gano wannan gunjin yana ninka wata iska mai suna naitirik oksaid a cikin hanci har wajen sau 15, saboda yana girgiza iskar da ke cikin kogunan fuska. Masu talla sun ɗauki wannan lambar sun gina gidan sama a kanta, har da cewa yana kashe cututtuka. Abin da zan tsaya a kai shine yana sa ka fitar da numfashi dogo ba tare da ka sha wahalar ƙirga ba, kuma mutane da yawa suna jin daɗinsa kafin barci.

Na toshe hanci ɗaya a shaƙa ta ɗayan kuwa, nadi shodana, su a bayaninsu wasu hanyoyin ƙarfin rai ne a jiki ake wankewa, hagu na farin wata, dama kuma na rana. Mu a asibiti babu wanda ya taɓa buɗe jiki ya ga waɗannan hanyoyin. Abin da muka sani shine kafofin hanci biyu suna karɓa-karɓa, ɗaya ta ɗan toshe ɗaya ta buɗe bayan 'yan awanni su canza, wani likitan Jamus Richard Kayser ya bayyana haka tun 1895. A ganina amfaninsa biyu ne, ƙofar ta ragu dole numfashi ya yi jinkiri, sannan hankalinka ya tafi wurin yatsa da ƙirga ya bar lissafin bashin da ke kanka. Ba laifi, amma da hunturu in hanci ya toshe da ƙura kar ka tsaya kokawa da shi.

Maganar hawan jinin kansa

In faɗa maka gaskiya, numfashi a hankali yana saukar da jini, amma 'yan lambobi ne, ba goma-goma ba, kuma in ka daina yi sai ya koma inda yake. Wanda yake kan 160 bisa 100 numfashi ba zai kai shi 120 bisa 80 ba. Rage gishiri da dunƙule a miya, rage tumbi, tafiyar ƙafa ta rabin awa kullum, duk waɗannan hujjarsu ta fi ta numfashi ƙarfi, Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kar gishirin yini ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya kenan har da wanda ke ɓoye a burodi da indomi da kilishi. Kuma sharrin hawan jini shine baya sallama, mutum yana jin garau alhali yana cin ƙoda da ido da jijiyoyin kai a hankali. Mu 'yan fisiyo mu ake kawo wa mutane bayan ɓarin jiki ya shanye, kuma labarin da na fi ji a bakin iyalansu shine "ai ya ji sauƙi ne ya daina shan maganin". Wallahi na gaji da jin wannan jimlar. In ka dage da numfashin da sauran gyare-gyaren, awonka ya yi ta sauka, likitan da ya rubuta maka maganin shi zai rage da hannunsa.

Inda nake sa ran zaka ga canji da wuri shine faɗuwar gaban da barcin. Amma ko nan sai an tabbatar fargaba ce zalla. Bugun zuciya da dare yana iya zama daga goro ko kofi ko shayi mai kauri ko lemukan nan na ƙara kuzari da yamma, yana iya zama ƙarancin jini, ko maƙoƙo mai aiki fiye da kima, ko ma maganin hawan jinin, dan irin su amlodifin suna sa wasu jin bugu da kumburin ƙafa. In kana minshari mai ƙarfi uwargida ta ce numfashinka na ɗaukewa cikin barci, wannan ma ciwo ne mai zaman kansa kuma yana hana hawan jini jin magani. Ni daga nan ban ji ƙirjinka ba ban auna ka ba, dan haka ka koma asibiti ka faɗi wannan sabon abin, a yi maka ECG, wato awon bugun zuciya da na'ura, da gwajin jini. In kuwa bugun na zuwa da ciwon ƙirji, ko gumi mai sanyi, ko numfashi na gagara in ka kwanta, ko ka ji zuciyar na tsallake-tsallake har kana neman faɗuwa, wannan ba na jira gari ya waye ba ne.

Yadda nake koya wa masu irin matsalarka

Zauna a kujera ko a kan darduma ka jingina, ka sassauta tazuge. Hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a kan cibiya. Ka shaƙa ta hanci kana ƙirga huɗu a zuci, na cibiya ne ya kamata ya taso, na ƙirji ya kusa tsayawa cik, dan so ake tantanin nan da ya raba ƙirji da ciki ya yi aikin ba kafaɗu ba. Sai ka fitar kana ƙirga shida, ta hanci ko ta baki ka tsuke leɓe kamar mai hura koko mai zafi. Huɗu da shida goma, daƙiƙa goma kenan, sau shida a minti. Kar ka cika huhu taf, wannan shine kuskuren kusan kowa, da an ce numfashi sai mutum ya ja kamar zai hura balan-balan, ya koma gidan jiya na jiri. A hankali, siriri, wanda ke kusa da kai ma kar ya ji. In huɗu da shida ya yi maka tsawo har kana jin kamar an shaƙe ka, fara da uku da huɗu, bayan kwana biyu ka ƙara.

Minti 5 bayan asuba, minti 5 kafin kwanciya, in ka saba ka kai 10. Ba a kan cikin da ya cika da tuwo ba. In kuma a kasuwa ne wani ya ɓata maka rai ka ji gaba ya faɗi, ajiyar zuciyar nan sau uku zuwa biyar ta isa, babu wanda zai san me kake yi. Wasu kaɗan, musamman waɗanda suka taɓa shiga tashin hankali mai tsanani, da sun mai da hankali kan numfashi sai tsoron ya ƙaru, in kana cikinsu buɗe ido ka yi shi kana tafiya, taku huɗu shaƙa taku shida fitarwa. Masu asma da ke karanta wannan, irin wannan horon yana rage musu wahala da yawan firgita, amma baya buɗe hanyar iska in ta tsuke, inhela na nan a matsayinta.

Batun addini

Wannan ba fagena ba ne, hukuncin na malamai ne, amma zan ba ka abin da zaka kai musu dan tambayar ta fita daidai. Asalin yoga a cikin addini da falsafar Hindu ta taso, kuma a wasu ajujuwan har yanzu ana haɗa numfashin da maimaita kalmar om, da wasu addu'o'insu, da gaisuwar rana. Wannan ne ya sa majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga a 2008, a farkon 2009 kuma majalisar malaman Indonesiya ta hana wadda aka cakuɗa da ibadar Hindu amma ta bar wadda motsa jiki ce zalla. Abin da na kwatanta maka a sama babu kalma a cikinsa, babu fuskantar wani abu, babu niyyar komai sai lafiya, shi muke koya wa wanda aka yi wa tiyata a gadon asibiti, kuma in ka ga dama ka bar ƙirga lamba ka sa tasbihinka a wurin. Ka kwatanta wa malaminka shi daidai yadda yake, ka kuma gaya masa abin da mai bidiyon ke faɗa a farko da ƙarshen darasinsa in akwai.

In kana da abin awon jini a gida, samu ɗan littafi ka riƙa rubuta awon safe da na dare, bayan ka zauna minti 5 shiru, da kuma ƙarfe nawa ka kwanta da kimanin lokacin da barci ya ɗauke ka. Ka fara rubutun mako ɗaya kafin ka fara numfashin dan a samu abin kwatantawa, sannan ka ci gaba har wata guda, ka tafi da littafin ranar da zaka ga likitanka. Ka gaida min yaron naka, ka ce masa ya nemo maka bidiyon da ake yi a hankali.